Marfin nan mai araha, daga motar wa aka ɓalle shi?

 Yau maganata a kan wani ɗan marfin roba take, wanda faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba, kuma da yawa daga masu mota ba su ma san yana buɗewa ba. Na san wani zai ce wannan malami ya rasa abin rubutawa, yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasa, mutane suna neman abin da za su sa a bakin salati, shi kuwa yana zancen marfi. To a yi mini uzuri. Wannan ɗan marfi ne ya sa ni da yayana muka yi kwana biyu muna musu a nan Sinnar, kuma abin da muka yi musu a kansa ya shafi duk mai saye da sayar da kayan gyaran mota, tun daga Gallabat a iyakar Habasha har Adare a iyakar Chadi, har can Maraɗi da Jibiya da Illela.

Idan ka tsaya a gaban mota irin su Land Cruiser da Prado, ko Marsandi da BMW da Volvo da Passat da aka shigo da su daga Turai, ka dubi bamba daidai ƙarƙashin kowace fitila, sau da yawa za ka ga wani ɗan yanki da siririn layi ya zagaye, launinsa ɗaya da na jikin motar. Shi ne marfin da nake magana. A bayansa akwai bututu mai shigewa cikin ɗan'uwansa kamar eriyar rediyo, a kan bututun kuma akwai ƙananan ƙofofin feshi. Idan direba ya kunna fitila ya danna maɓallin, ko ya ja sandar ruwan waifa, wani famfo na daban da ke jikin tankin ruwan waifa sai ya turo ruwa da ƙarfi. Ƙarfin ruwan ne ke turo bututun waje da marfin a kansa, ya fesa wa fitila ruwa, sannan sifirin ya mayar da shi ciki, marfin ya koma ya rufe ramin. Kafin ka ƙifta ido sau biyu an gama.

Turawa ba don ado suka sa shi ba. A ƙasar Suwidin, a farkon shekarun 1970, kamfanin Saab ya sa wa fitilun motocinsa 'yar ƙaramar waifa da ruwa, saboda taɓon ƙanƙara da gishirin da suke zubawa a kan hanya da hunturu yana rufe fitila ruf. Daga baya, a 1991, BMW ya fito da fitilar zenon, mai farin hasken nan da ke kashe ido. Dokar fitilu da ƙasashen Turai ke bi ta ce duk fitilar da haskenta na dim ya wuce lumen 2,000, wato ma'aunin ƙarfin haske, dole a haɗa ta da na'urar wankewa. Ƙwan zenon na yau da kullum yana ba da kusan lumen 3,200, shi kuwa ƙwan halojin H7 bai wuce wajen 1,500 ba. Dalilin dokar shi ne, datti a kan gilashin fitila mai ƙarfi yana warwatsa hasken, ya rage wa mai motar gani, ya kuma watsa shi cikin idon mai tahowa. Amurka ba ta da wannan doka, shi ya sa motocin da ake saukewa a Kwatano daga can galibi ba su da marfin. Dillali mai lura yakan gane asalin mota daga nan tun kafin ya buɗe ƙofa.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da abin da ya fi ta naci. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gonakin Dali da Mazmum da damina ya san baƙar lakar nan ta ƙasarmu, wadda da rani take tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuwa ta zama kamar kwaɓaɓɓen tuwo. Babbar mota ɗaya ta wuce ka, fitilarka ta tafi. Ga habub mai tayar da ƙura kafin ruwa, ga ƙwari da ke tasowa daga magudanan ban-ruwa na Jazira da magariba suna fashewa a kan gilashi. Kuma hanyoyinmu cike suke da karon jaki da shanu da raksha marar fitilar baya. Saboda haka ban yarda da masu cewa wannan na'ura ƙawa ce ta Turawa da ba ta da amfani a wurinmu ba. Direban da ke tahowa daga Sinja zuwa Sinnar da dare a watan Agusta ya fi mutumin Jamus buƙatarta.

Yanzu ga abin da ya faru. Yayana yana fataucin riɗi da dawa, yana da tsohuwar Prado fara wadda Allah ya sa ta tsira, domin ya fitar da ita zuwa Gadarif kafin Sinja ta faɗa hannun dakarun Da'am Sari', wato RSF, a ƙarshen watan Yuni na 2024. Babbar motarsa ta ɗaukar kaya ba ta tsira ba, har yau ba a ji ɗuriyarta ba. Bayan an dawo gida, wata rana ya kai Pradon wanki, yaron da ke wankewa ya ga ɗan layin nan a jikin bamba ya sa farce ya ɓamɓaro, kunnen da ke riƙe marfin dama ya karye. Marfin bai ɓace ba, yaron ya miƙo shi yana rawar jiki. Yaya ya sa a aljihu, ya ce in raka shi mu nemo wani.

A wata kasuwa da ba zan ambaci sunanta ba, muka tarar da wani mai tebur. Yana ganin marfin ya sa hannu a cikin buhu ya fito da guda biyu, dama da hagu, na asali, fari irin farin motarmu sak, ko fenti ba sa buƙata. Kuɗin da ya faɗa kuwa bai kai na abincin ranar mutum biyu ba. Ni har na fara murna. Sai Yaya ya juya marfin ya duba bayansa, ya ce, "Malam, wannan daga ina?" Mai tebur ya ce, "Alhaji, kaya ne ya shigo." Yaya ya ce, "Ya shigo daga ina?" Ya ce, "Haba Alhaji, a wannan zamani wa ke tambayar wannan? In kana so ka ɗauka, in ba ka so wani zai ɗauka." Yaya ya ajiye masa ya yi gaba.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ne na ce a saya. A hanya na ce masa, "Yaya, ɗan robar nan fa ko mai shi ya gani ba zai gane shi ba. Ƙin sayenmu ba zai mayar wa kowa motarsa ba." Amsar da ya ba ni ita ce ta hana ni barci. Ya ce, "To ai haka wani yake faɗa yanzu a wata kasuwa, yana riƙe da fitilar motata." Na yi ta kawo hujja har washegari, amma a raina na san ya kayar da ni tun a jumlar farko.

Ku duba yadda abin yake. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mota ita ce abin da aka fi wawashewa a Sudan. An fara da Khartum da Omdurman da Bahri, aka zo Madani da ƙauyukan Jazira bayan faɗuwar birnin a Disamba 2023, sannan aka iso jiharmu, aka kama Jabal Moya aka datse hanyar Sinnar zuwa Rabak, aka shiga Sinja da Dindir da Suki. Sojoji sun karɓe Jabal Moya a Oktoba 2024, Sinja a Nuwamba, Madani a Janairu 2025, Khartum a Maris, amma motocin mutane ba su dawo tare da garuruwan ba. Dubun-dubatarsu sun salwanta a hannun mayaƙa da 'yan ganimar da ke bin bayansu, har da ɓata-garin unguwa da suka samu dama. Har sababbin kalmomi yaƙin ya haifar, ana ce wa wawason shafshafa, kasuwannin da aka riƙa baje kayan kuma ana ce musu kasuwar Dagalo. Motar da ke iya tafiya an tuƙa ta yamma an ƙetare iyaka. Wadda ba ta tashi ba an tsiyaye ta a inda take: batir, tayoyi, fitilu, madubai, ƙwaƙwalwar inji, har wayoyin wuta don jan ƙarfen da ke ciki. Waɗanda suka koma gidajensu sun tarar da ƙwarangwal a tsakar gida.

To duk wannan kaya ina ya tafi? Ɗan ganima ba ya cin fitila, sayarwa yake yi, kuma ba zai sayar ba sai da mai saye. Mota sukutum tana da lambar shasi, tana da lambar inji, 'yan sandan Sudan sun buɗe hanyar shigar da ƙorafin motar da aka sace ta intanet tun a shekarar farko ta yaƙin, Intafol ma tana da rumbun lambobin motocin sata da ƙasashe ke dubawa. Ɓarawo ya san wannan. Shi ya sa ya fi son ya wargaza ta, domin marfi da madubi da hannun ƙofa ba su da lambar da za ta nuna motar da suka fito. Ƙananan kayan nan da muke rainawa su ne hanyar da ganima ke bi ta zama kuɗi mai tsabta, kuma a hannun irinmu take bi.

Kafin in ci gaba, bari in faɗa muku yadda aka gyara namu, domin wanda aka ce kada ya saya dole a nuna masa abin da zai yi. Mun kai wa wani dattijon makanike a unguwar masu gyara. Usta ya karɓi marfin ya juya bayansa, ya nuna mana wasu haruffa da aka buga a jikin robar tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya. Ya ce kowace robar mota tana ɗauke da sunan irinta a nan, kuma daga nan ake sanin maganinta. Idan an rubuta ABS, gam yana kama ta. Idan kuwa PP ce, ko ka juye mata kwalbar sufa gulu guda, rana ɗaya ta Sinnar ta isa ta ɓalle, domin gam ba ya cizon wannan roba, sai dai a narka ta a haɗe. Ya ce, "Alhaji, rabin masu kawo mini wannan aiki sun riga sun ɓata shi da gam kafin su zo."

Da farko ya naɗe bakin sukudireba da tef don kada ya kankare fenti, ya zura a ramin ya jawo bututun waje a hankali. Sifirin ɗin yana da ƙarfi, yana son komawa, sai ya sa ɗan guntun itace ya tokare shi. Ya ce kada a taɓa kama bututun da filaya tsirara, in ya tsage ruwa zai riƙa zuba, kuma canza shi sai an kwance bamba gaba ɗaya. Daga nan ya wanke kunnen da ya karye da sabulu, ya goge, ya bar shi ya bushe. Ya ɗora ƙarfen dalma irin na masu gyaran rediyo a wuta, ya haɗa bakin karayar daidai yadda take, ya ɗiga mata zafi a wuri biyu don ta tsaya. Sai ya yanko ɗan guntun ragar ƙarfe ta taga, bai kai farcen babban yatsa ba, ya ɗora a bayan karayar ya danna da ƙarfen har ragar ta nutse cikin robar. Ya yanko siririn yanki daga wata tsohuwar roba mai haruffa iri ɗaya ya narka a kai ya lulluɓe. Da ta huce ya goge tudun da sanfefa, domin in ya yi kauri marfin ba zai zauna daidai da bamba ba.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ya fi burge ni. Ya huda ɗan ƙaramin rami a haƙarƙarin bayan marfin, ya zura zaren kamun kifi, irin wanda masuntanmu na bakin kogi ke amfani da shi, ya ɗaure a wuyan bututun ya bar ɗan sako-sako. Ya ce ko kunnen ya sake karyewa a kan hanya, marfin zai rataye, ba zai faɗi ba. Sannan ya maƙala shi, ya zare itacen, ya riƙe bututun ya bar shi ya koma a hankali. Ya ce a kunna fitila a danna. Ruwa ya fito ta hagu da ƙarfi, ta dama kuwa sai ɗigo. Ya sa siririyar waya ya tsokane ƙofofin, laka ta fito.

A nan ya yi mana faɗa, kuma faɗan ya shafi kowa. Ruwan Nil Azrak daga Yuli zuwa Satumba rabinsa ƙasar Habasha ce, masu mota kuwa suna ɗiba kai tsaye su zuba a tankin waifa. Lakar tana kwanciya a cikin bututun, ya ƙi komawa ciki sosai, marfin ya tsaya a waje kamar haƙorin da ya yi gaba, daga nan kuma ko reshe ko yaro ko mai wanki ya ƙarasa shi. Ya ce a bar ruwa ya kwana a randa ya kwanta, a tace da ƙyalle kafin a zuba. Kada a danna maɓallin in tanki babu ruwa, famfon zai ƙone. Kada kuma a goge fitila mai ƙura da busasshen tsumma, domin fuskar fitilun yanzu roba ce, tana karcewa, karcewar kuma ita ce ke sa fitila ta yi hazo. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Akwai mai cewa shi ba ya son wahala, a liƙe marfin kawai a huta. Hakkinsa ne, motarsa ce. Amma a fara cire fis ɗin famfon, in ba haka ba ranar da wani ya danna maɓalli ƙarfin ruwan zai fizge marfin ko ya fasa tiyo a ciki. A liƙe da silikon wanda ake iya yankewa gobe. Kuma dillalin da ya liƙe ya sayar bai faɗa wa mai saye ba, ya sani ya ɓoye aibi, malamanmu kuwa sun ce mai saye yana da ikon mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Masu saye su lura: marfin da aka liƙe, ko wanda launinsa ya ɗan saɓa da bamba, sau da yawa yana nuna motar ta taɓa cin karo ta gaba.

Na san abin da 'yan'uwa masu sayar da kayan gyara za su ce, domin na zauna da wasunsu. Za su ce ba kowane tsohon kaya ne na sata ba. Gaskiya ne. Sana'ar tashli'i, wato wargaza tsohuwar mota a sayar da sassanta, ta girmi wannan yaƙi, kuma halal ce. Kwantenoni suna zuwa Bur Sudan daga Sharja cike da rabin motoci na Japan da Koriya, kamar yadda suke sauka a Kwatano da Legas su wuce Kano da Kaduna. Mai motar da ta yi hatsari yana sayar da ita da takardunta. Ba da waɗannan nake ba. Amma kada mu yaudari kanmu, ɗan kasuwar da ya shekara goma a wannan harka ya san bambanci. Kayan kwantena yana zuwa da rubutun alƙalamin fenti na gidan da ya wargaza shi, yana da wanda ya yi odarsa, yana da takardar kwastan, farashinsa kuma yana tafiya da dala. Na ganima yana zuwa a buhun taki, a hannun wanda ba ka taɓa gani a sana'ar ba, bai san sunan abin da yake sayarwa ba, sukurorinsa a fizge, wayoyinsa a yanke da wuƙa, kuma duk abin da ka taya ya sallama. Wanda ya ce bai gane ba, bai so ya gane ba ne.

Za su kuma ce, in ban saya ba maƙwabcina zai saya, ni in tashi a tutar babu. Wannan ita ce hujjar da ni ma na kawo wa Yaya, kuma ita ce mafi nauyi, domin mutane sun yi asara, jari ya karye, iyali na jiran cefane. Ba na raina wannan. Sai dai mu tuna mun taɓa bin irin wannan hanya. Shekaru kafin yaƙi, motoci marasa takarda sun riƙa kwararowa daga Libiya ta Chadi da Darfur, har mutanen Sudan suka laƙaba musu suna Boko Haram, sunan da duk Bahaushe in ya ji sai ransa ya sosu. A lokacin muka saba da sayen abin da ba a tambayar takardarsa, muna cewa ai gwamnati kawai aka guje wa. Sabon nan ne ya bi mu har yau, alhali wannan karon abin da ke cikin buhun na wata bazawara ce a Madani, ko na malamin makaranta a Hasahisa da ya shekara goma yana tara kuɗin mota, ko na maƙwabcinka a Sinja.

Ta fuskar shari'a ma babu mafaka. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya ga kayansa da aka sace a hannun wani, ya kawo shaida, zai karɓi abinsa, mai saye kuma ya koma ya nemi kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa. To ina za ka ga mai buhun taki? Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991, a sashe na 181, ta mayar da karɓar kayan sata laifi mai zaman kansa, haka ma sashe na 317 na dokar Final Kod a Arewacin Nijeriya. Ranar da ƙura ta lafa aka fara bin rumfuna ana bincike, wanda za a kama shi ne mai rumfa da ke zaune wuri ɗaya da kaya a kan kanta. Wanda ya kawo ya daɗe da ɓacewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Kakanninmu sun biyo hanyar Hajji ne suka zauna a bakin wannan kogi, wasu tun kafin zuwan Turawa, wasu tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar ya samu sunansa. Da gumin Hausawa da Fulani aka noma audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Duk da haka, bayan fiye da shekara ɗari, har yanzu akwai masu tambayar ko mu 'yan ƙasa ne. Mun ga abin da ya faru a jihar Nil Azrak a Yuli da Oktoba na 2022, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, inda rikicin ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka, dubban mutanenmu suka gudo Sinnar da Nil Abyad. Al'ummar da ke cikin wannan hali ba ta da jarin da ya wuce a ce Bahaushe ba ya cin amana. Idan aka kama kayan ganima a rumfar mutum ɗaya daga cikinmu, ba sunansa za a kira ba, sunan ƙabila za a kira. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma akwai masu jiran waken nan da fitila a hannu.

Ga 'yan'uwa na yamma, na Adare da Abeshe da Agadas da Maraɗi da Konni, ku ma kada ku ce Sudan ta yi muku nisa. Motar da ta ƙetare Darfur ba a bakin iyaka take tsayawa ba. Idan aka kawo muku Land Cruiser ko Hilux mai kyau a rabin farashi, gilashinta da tabon sitikar Larabci da aka kankare, lambar shasinta da alamar an goge an sake bugawa, ku nemi takardar fitarwa daga ƙasar da ta fito, ku je a duba lambar kafin ku ƙirga kuɗi. Araha ba ta ado.

Kuma ga mai neman riba ta halal, akwai ta a cikin wannan ɗan marfin kansa. Masana'antun ƙasar Sin suna buga sababbi na kusan kowace mota, suna zuwa babu fenti, ba su da nauyi, kwali ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwa. Abin lura kawai shi ne na dama daban na hagu daban, akwai harafin R ko L a baya tare da lambar kayan, kuma mota iri ɗaya takan canza siffar bamba daga shekara zuwa shekara, don haka a yi oda da lamba, kada a yi da ido. Lambar launin motar tana kan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji, mai fenti ya haɗa ya fesa. Ba su kai na asali ƙarko ba, na yarda. Amma ɗan kasuwa ya ci, mai fenti ya ci, Usta ya ci, babu kuma wanda zai zo gobe ya ce nasa ne.

Kirana ga shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin masu kayan gyara shi ne su ajiye littafi. Duk wanda ya kawo tsohon kayan mota, a rubuta sunansa da lambar katinsa da lambar shasin motar da aka ciro kayan, ya sa hannu ko ya dangwala. Mahauta sun daɗe suna neman shaida kafin su yanka saniyar da ba su san mai ita ba, dillalan raƙuma ma haka. Mai gaskiya ba zai ƙi rubuta sunansa ba, mai buhun taki kuwa da ya ga littafi zai juya. Limamanmu su ma su taɓo zancen a huɗuba, su kira abin da sunansa, har da batir da madubi da marfi, domin mutane da yawa sun ɗauka haramcin ya tsaya a kan mota sukutum.

Marfin Yaya ya ci damina guda yana nan daram. In ka sunkuya ka duba da kyau za ka ga ya ɗan karkace kaɗan ta gefe ɗaya, kuma ya ce ranar da zai sayar da motar zai nuna wa mai saye da kansa. Bayan mako biyu da gyaran, wani uzuri ya kai ni kasuwar nan, na bi ta gaban mai tebur na tambaye shi fararen marafan nan biyu. Ya ce an saye su tun ranar da muka tafi, amma in ina so in dawo ranar kasuwa, wani buhun yana hanya.